Gurbi Huɗu a Jirgin Nata'ala

A cikin duk waɗanda suka je kallon tashin jirgin Nata'ala, mutum biyu ne kawai masu ido suka dawo ba su ga tashinsa ba: ni da shi. Sauran mutanen Dutse kowa ya gani da idonsa, har da waɗanda ranar suna Kano.

Nata'ala taubashina ne, mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito. Shi mai walda ne, ni kuma Misbahu direba, Fijo nake ja tsakanin Dutse da Jahun. Siriri ne ƙwarai, in ya juya gefe sai ka neme shi. Ba shi da faɗa, ba shi da rowa, kuma hannunsa na da albarka a ƙarfe. Ciwonsa ɗaya ne, kara. Bakinsa bai iya furta "a'a" ba. Muna samari gwaggonmu ta taɓa saya masa takalmin da ya yi masa kaɗan, ya yi yawon Salla da shi yana ɗingishi yana murmushi, don kada ta ji ba daɗi. Ni kuwa Allah bai ɗora mini wannan lalurar ba. Abin da ya zo bakina shi nake faɗa, wani lokaci ma kafin ya zo.

Wajen Baba Jaji ya koyi walda, shi ne kuma daga baya ya ba shi 'yarsa Lauratu. Wata shekara Baba Jaji ya tafi da shi wajejen Haɗeja gyaran injinan ban ruwa, sai suka tarar da ƙaramin jirgin nan mai feshin tsuntsayen jan-baki ya sauka a wani fili. Mutane na ta shafa fukafukai, shi kuwa ya yi ɗage ya leƙa wurin zaman matuƙi. Abin da ya gani ya hana shi sukuni har tsufansa: allo guda cike da agogai, kowanne da allurarsa. Ya ce mini a ranar ya gane ba aljanu ke ɗaga jirgi ba, mutum ne yake zaune yana karanta allurai. Tunda kuwa mutum ne, shi ma ai mutum ne.

Da aka yi Jigawa aka ce Dutse ce babban birni, gari ya cika da ma'aikata, kowa na neman ƙofa da taga da ƙyauren gida. Aiki ya buɗe wa Nata'ala. Duk guntun bututu da ragowar alminiyam da ya saura, sai ya jingine shi a bayan shago. Ya sayi injin wata tsohuwar mota ƙirar kunkuru, don ba ya shan ruwa, iska ce ke sanyaya shi. Ya sa kafinta ya sassaƙa masa farfela da maɗaci, suka ɓata uku kafin ta huɗu ta yi. Mu 'yan majalisar ƙofar shagonsa muka naɗa kanmu masu ba da shawara. Ni ne babba a ciki, saboda na taɓa raka wani alhaji filin jirgin Kano na hango jirgi ta bayan waya.

Ranar da zai fitar da faɗin jirgin, a tsakar gidansa ya kwanta rigingine a kan siminti, ya ba ni alli na zagaye jikinsa. Muna cikin haka Lauratu ta fito daga ɗaki da ƙwarya a hannu. Ta ga mijinta a miƙe sambal, hannuwa a gefe, ana auna shi. Ƙwaryar ta faɗi.

"Innalillahi! Malam Misbahu, awon likkafani kuke yi mini a gida?"

Na ce awon jirgi ne. Ta ce ita ba ta ga bambanci ba.

Ba ta yi masa rigima ba, don ita ma jinin Baba Jaji ce, ba su iya hayaniya ba. Sai da ta kwana biyu ba ta cin abincin kirki, sannan ta same shi a gabana ta ce, "Baban Ummi, ba zan hana ka abin da ranka ke so ba. Amma ka yi mini alkawari ɗaya. In ka gama, sau ɗaya za ka gwada. Ya tashi, alhamdulillahi. Bai tashi ba, alhamdulillahi. Daga nan ka cire injin nan, ka bar ni in yi barci kamar sauran mata." Ya ce ya yi alkawari. Na so in tsoma baki in ce a mayar da shi sau uku, ya harare ni. Alkawari kuwa kaya ne, kuma Nata'ala bai taɓa ajiye nasa a hanya ba.

Shekara wajen takwas yana wannan aiki. Sai da gangar jiki ta haɗu, fukafukai suka hau, sannan aka zo kan abin da ya fi ƙauna, wato allon agogai. A nan ne awon da na yi da alli ya nuna kansa. Jirgin daidai jikin Nata'ala aka yi shi, jikin Nata'ala kuwa na gaya muku yadda yake. Allon da ya samu shiga gaban kujera bai fi faifai girma ba. In an faɗaɗa shi gefe, ya bugi ƙarfen jiki. In an ja shi ƙasa, gwiwa ba ta da wurin motsi. In an ɗaga shi sama, ya tare wa matuƙi gabansa. Ya auna ya sake aunawa, gurbi huɗu kacal allon zai ɗauka.

Ya zauna ya yi zaɓinsa da hankali. Agogon da ke nuna juyin inji, ɗaya. Na fetur, biyu. Kamfas, wanda ya saya wajen wani alhaji mai sayar da na duba alƙibla, uku. Na huɗu, wanda ya ce ya fi duka, agogon baƙin mai. Injin kunkuru in mai ya yanke masa ba ya sallama, kamewa kawai yake yi, kuma a sama babu gefen titin da za a tsaya a buɗe bonet. Na auna tsayi kuwa bai samu ba, ya ce ido ya wadatar. Da an bar shi haka, da yau wani labarin nake ba ku.

To amma mu ba ma ganin ɗan'uwa da hidima mu naɗe hannu. In mutum zai yi aure ko suna ko zai tare a sabon gida, kowa sai ya kawo gudummawarsa, kuma in an kawo ba a mayarwa. Da labari ya bazu cewa Nata'ala ya kai ga sa agogai, sai muka ɗauki abin kamar biki.

Ni na fara, don kada wani ya riga ni. Na ciro agogon maleji, mai nuna gudun mota, daga tsohuwar Fijo ta, na wanke shi da fetur, na kai masa a leda. Ya jujjuya shi ya ce, "Taubashi, wannan ai da taya yake aiki. In jirgi ya bar ƙasa, me zai auna?"

Na ce, "Au, kyautar tawa ce ba ta kai ba? Agogon da ya kai ni Jahun ya dawo da ni shekara da shekaru? Bari in je in gaya wa Inna ɗan ƙaninta ya zama bature."

Wasa nake yi, rabi. Shi kuwa washegari na tarar ya cire agogon juyin inji ya dasa nawa, har ya ja masa waya zuwa tayar hagu. Ya ce ba komai, juyin inji a kunne yake jin sa. Na yi ta kawo mutane ina nuna musu, ina cewa ga nawa nan.

Bayan ni sai Alhaji Ɗanmusa, mai tifofin yashi, wanda a filinsa shagon yake. Ya aiko da rediyo mai kaset sabuwa fil, ya ce matuƙi ya riƙa sauraren karatu a hanya. Lokacin an fara shari'a, kowane direba ya kwashe kasakasan kiɗa ya cika aljihun mota da na wa'azi. Wani a majalisa ma har ya tambaya yadda za a raba maza da mata a jirgin, aka ce masa ya kwantar da hankalinsa, kujera ɗaya ce. Rediyon Alhaji ta ci gurbin agogon fetur, ta ɗan ciji na maƙwabcinta. Nata'ala ya ɗauko tiyo mai haske ya liƙa a jikin tanki, yadda zai riƙa hango fetur da ido. Ya ce wannan ma ya fi, tiyo ba ya ƙarya. Duk abin da muka ƙwace masa, sai ya nemo dalilin da zai sa mu ji kamar taimakonsa muka yi.

Wasu gudummawar ya samu yadda ya yi da su. Madubin babur ya ɗaura a waje, carbi ya rataya, fankar mota ya ce za a sa daga baya. Gurbi biyu suka rage masa, kamfas da baƙin mai, ya ce waɗannan ko hakimi ne ya zo sai dai ya yi haƙuri. Ina wurin ya faɗa, har na yaba masa na ce yau ka zama namiji.

Hakimi bai zo ba. Baba Jaji ne ya zo.

A lokacin walda ta riga ta cinye idon tsohon, sai dai ya bambance rana da inuwa. Ɗan acaɓa ya sauke shi a ƙofar shago da hantsi, muka tashi muka durƙusa. Ya ce a kai shi ya taɓa jirgin. Ya bi shi da tafin hannu tun daga farfela har wutsiya, yana tsayawa a kowane haɗi yana murza walda da babban yatsa. Da ya gama ya ce, "Ba laifi." A bakin Baba Jaji wannan kalma ta fi lambar girma. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro agogonsa, wani kewayayye mai koren murfi da ya sayo a Makka, wanda da shi yake duba lokacin salla tun muna yara.

"Nata'ala, ni yanzu ba na ganin sa. Ba ni da abin da zan sa a jirginka sai shi. Ka ba shi wuri a gabanka, in ka hau sama ka san lokacin salla."

Nata'ala ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma." Na tausaya masa ƙwarai, don na san abin da ake nema a wurinsa.

Da tsohon ya tafi na ce, "Abu mai sauƙi. Ka sa agogon ya zo ya shafa, in ya tafi ka cire ka mayar da na mai. Ai ba gani yake ba."

Ya dube ni ya ce, "Don ba ya gani ne ba zan yi haka ba."

Na ce to ya cire nawa mana. Wallahi na faɗa, ko da yake a hankali na faɗa, ina duban wani wajen. Ya ce kyautar da ta riga ta zauna ba a tashin ta. Rediyo kuma ta mai fili ce. Kamfas kuwa gurbinsa ƙarami ne, agogon Baba ba zai shiga ba. Saura ɗaya ke nan. Ya kwance agogon baƙin mai da hannunsa, ya riƙe shi yana zagaya jirgi yana neman inda zai sa. Ƙarƙashin kujera ba zai gani ba. Tsakanin ƙafafu sandar tuƙi ce. Bayan kai kuwa sai mai ido a ƙeya.

Dabarar da aka yi, ina alfahari da cewa tawa ce. Na ce a ɗaura shi a waje, a gefen dama na jirgin, bayan fiffike, a shafa jan fenti inda bai kamata allura ta taɓa ba. Ni zan bi jirgin a gefe da Fijo, tagata na kallon agogon. In allura ta doshi ja, in danna hon, shi kuma ya kashe inji nan take. Hon ɗina na tirela ne, na sa shi don shanun hanyar Kiyawa, ko a cikin ƙarar inji sai ya ji. In kuma ya riga ya yi sama lafiya, to zagaye ɗaya zai yi ya sauko, Allah ya tsare sauran. Majalisa ta ce kai, Misbahu, da ka yi boko da an ji jiki. Ni ma haka na gani.

Aka sa rana, wata Asabar bayan an gama girbi. Akwai wata miƙaƙƙiyar hanya a bayan gari da aka share aka daddaɓe da jar ƙasa don sabuwar unguwa, ba a kai ga fara gini ba. Tifar Alhaji Ɗanmusa ta ɗauko jirgin, aka ɗaura fukafukai a can. Mun ce abin sirri ne, saboda haka rabin gari ne kawai suka zo. Aka kawo Baba Jaji aka zaunar da shi a inuwar dabino. Lauratu ta ƙi zuwa, tana gida a kan dadduma.

Nata'ala ya shiga da bismilla, jirgin ya zauna masa cif kamar ɗinkin tela. Aka murza farfela, inji ya kama, kaji da awaki suka watse. Ya ɗago mini hannu, na ɗago masa. Ya saki birki.

Na ɗauki aikina da muhimmanci, wannan kam ba mai ƙwace mini. Hannun dama a sitiyari, kai a waje, ido a kan allura. Muka ɗauki gudu, ƙasa na shiga bakina, ban ƙifta ba. Allura na tsaye a inda ake so, ko gezau. Can sai na ga agogon yana yin sama. Na miƙa wuya, ya ƙara yin sama. Na yi tsaki na ce wannan mutumi wane irin ɗauri ya yi wa agogo da yake zamewa haka. Na fito da kafaɗa waje ina bin sa da kallo ina mita. Wallahi tallahi ban gane abin da ke faruwa ba. Jirgi na tashi a gefena, ni ina fushi an matsar mini da agogo.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne jama'ar da ke bayanmu. Tifar Alhaji da motocin tasha da 'yan acaɓa duk sun biyo mu a jere kamar rakiyar amarya. Mutanenmu kuwa in suna kan abin hawa farin ciki ya kama su, abu ɗaya suka sani. Da suka ga haske tsakanin tayoyi da ƙasa, direban tifa ya kwanta a kan hon ɗinsa, irin nawa sak. Sauran suka amsa masa gaba ɗaya. Ba wanda ya gaya musu yarjejeniyarmu, don mun ce sirri ne.

Na ji ƙarar injin ta ɗauke ɗif. Jirgin ya ɗan yi shiru a iska, ya sauko ya daki ƙasa, ya yi tsalle, ya sake dukan ta. Ƙafar gaba ta karye, hanci ya kafe a jar ƙasa, farfelar maɗaci ta tsage gida biyu.

Na riga kowa isa. Yana zaune a kujerarsa, ko ƙwarzane babu, hannunsa na kan makunni.

"Mai ya yanke?" ya tambaye ni.

"Allura ko motsi ba ta yi ba."

"Ba kai ka yi hon ba?"

"Hannuna bai je wurin ba."

Ya juya ya dubi jama'ar da ke tahowa a guje suna kabbara suna tafi, har yanzu wasu na danna hon. Ya daɗe yana kallon su. Na zaci yau zan ji Nata'ala ya zagi mutum. Da suka iso suka ɗaga shi sama, sai na ji yana cewa, "Na gode, na gode, Allah ya bar zumunci."

A mota muna komawa na tambaye shi yadda Dutse take daga sama, ko ya hango duwatsu. Ya ce bai duba ba, allo yake kallo.

"Me ke cikin allon da za ka kalla? Rediyo?"

"Malejinka," in ji shi. "Ina jin iska na ƙaruwa a fuskata, sai na ga allurarsa ta fara sauka. Taya ta daina taɓa komai ke nan. A nan na san ƙasa ta sake ni." Sannan ya ce, "Taubashi, abin da daɗi." Na yi kamar ƙasa ce ta shigar mini ido.

Masu kallo sun kasa daidaitawa kan tsayin da ya yi. Wasu sun ce kamu uku, wasu sun ce ya wuce kan dabino, wani ya rantse ya ga ya shiga gajimare. Baba Jaji bai shiga musun ba. Har ya rasu a damina ta gaba, duk wanda ya je gaishe shi sai ya gaya masa agogonsa ya hau sama.

Kwana biyu bayan gwajin, Nata'ala ya kwance injin da kansa. Muka taru muka ce ai wannan ba gwaji ba ne, mu muka ɓata, ƙafa da farfela aikin wata guda ne. Ya ce an ce sau ɗaya, an kuma yi sau ɗaya. Ya mayar da injin na jan janareton walda, da shi ya aurar da Ummi. Allon ya rataye shi a bangon shago da gurabensa huɗu a cike, rediyon ce kawai ke aiki. Hanyar nan kuwa gidaje suka cinye ta, yanzu in na wuce ba na ma gane inda hancin jirgin ya kafe. Sannu a hankali idonsa ya bi hanyar na maigidansa, sai ya kawo ƙarfe dab da fuska kafin ya ga haɗi.

Bayan shekaru, ranar sunan jikarsu ta biyu, na shiga cikin gida gaishe da Lauratu. Hira ta kai mu kan jirgi, muna dariya. Sai ta daina dariyar ta ce, "Malam Misbahu, ka san ranar nan da ya dawo ya ba ni labari, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na yi niyya in ya ce zai sake, in ce ya je. Na yi ta jira ya tambaya. Da na ga ya kwance injin bai ce komai ba, sai na ji nauyin in tayar da maganar, kada ya ga kamar na raina alkawarinsa."

Na ce, "Kin taɓa gaya masa?"

Ta ce, "Ina! Yanzu kuma me zai yi da ita?"

Mai hankali da ya ji wannan sai ya haɗiye, ya ci tuwon suna ya tafi gida. Ni kuwa ko takalmi ban gama sawa ba na nufi shago, ina jin kaina kamar mai kai albishir. Na tarar da shi a tsugune yana haɗa ƙyauren wani gida. Na zayyana masa duka, har da yadda ta yi da fuska.

Ya kashe wutar walda. Ya ture baƙin gilashin zuwa goshi, ya ɗaga jajayen idanunsa wajen bangon da allon yake, ko da yake na san daga nan ba ya hango shi. Janareto na ta ruri a bayanmu da injin jirgin. Murnata ta fara tsinkewa.

"Taubashi," ya ce, "duk garin nan ba wanda ban yi wa kara ba. Da kai ma ka yi mini ta yau ɗaya, ka riƙe bakinka."

Ya sauke gilashin ya rufe idonsa, ya laluba ya ɗauki ƙarfensa.